VPP a ɗakin gwajina na Yamai: gudu akwai, zafi ma akwai

Tsohuwar kwamfutar ofis, irin wadda aka taɓa amfani da ita da ake samu a kasuwa, za ta iya zama ruta, wato injin da ke raba wa bayanai hanya a rezo, mai ɗaukar gigabit 10 a daƙiƙa? Tambayar da ta sa na haɗa kwamfutoci uku a ɗakina na Yantala ke nan: ɗaya tana aika fakiti (ƙananan ƙunshin bayanai da ke yawo a rezo), ɗaya tana karɓa, ta tsakiya tana raba musu hanya. Kowacce na sa mata katin rezo Intel X520, na haɗa su da gajeren kebul na DAC.

Na fara da Linux zalla. Da na gwada da iperf3, manhajar auna gudun layi, layin ya kusa cika, kamar magana ta ƙare. Sai dai iperf3 manyan fakiti yake turawa, masu bayit 1500, kuma fakiti 812,000 a daƙiƙa sun isa su cika gigabit 10. Ruta kuwa ba nauyin fakiti ke gajiyar da ita ba, yawansu ne, don kowanne sai ta duba adireshinsa ta yanke inda zai bi. Da ƙananan fakiti masu bayit 64, layin nan yana ɗaukar miliyan 14.88 a daƙiƙa, wato kowane fakiti nanodaƙiƙa 67 kawai yake da shi. Da na sako irin waɗannan da TRex, manhajar kwararo fakitin gwaji, sai ksoftirqd, ɓangaren Linux da ke ɗaukar aikin fakiti in ya yi yawa, ya cinye furosesa, lambar fakitin da kati ya rasa (rx_missed_errors) kuma ta yi ta hawa a ethtool, manhajar duba kati. Fakiti na zubewa tun a bakin kati.

Nan VPP ya shigo. Manhajar raba wa fakiti hanya ce da Cisco ya saki kyauta a 2016 ƙarƙashin shirin FD.io, tana dogara da DPDK, kayan manhaja na magana da kati kai tsaye wanda asalinsa na Intel ne, wajen karɓe katin daga hannun Linux. Maimakon ta bi fakiti ɗaya daga farko har ƙarshe sannan ta ɗauki na biye, sai ta kwashi duk waɗanda suka taru, har 256, ta yi musu aiki ɗaya a jere kafin ta wuce mataki na gaba. Haka mai shayi ke yi da safe: ya jera kofuna, ya bi su da sikari, ya dawo ya bi su da madara. Umarnin da furosesa ke bukata yana nan kusa da ita, ba sai ta sake nemo shi ba.

Saitin yana da ɗan ban tsoro ga sabon shiga. Sai ka ware manyan shafukan memori masu megabayit 2, ka miƙa katin ga vfio-pci, direban da ke ba DPDK damar riƙe shi, daga nan ya ɓace wa Linux, umarnin ip link mai jera katunan rezo ma ba ya nuna shi. Don haka ka bar wani kati daban na shiga injin. Abin da na fi jin daɗin kallo shi ne umarnin show runtime a vppctl, wurin da ake ba VPP umarni: akwai layin da ke nuna fakiti nawa ake kwasa a zagaye guda. In babu aiki yana kusa da 1, in ka matsa lamba yana hawa, ya doshi 256 kuwa ka san ƙwayar furosesar, wato sashenta da ke wannan aiki, ta kai maƙura. A injin da Linux ya shaƙe, VPP ya wuce da ƙananan fakiti ninki-ba-ninki. Da linux-cp, gadar da ke tsakanin VPP da Linux, na haɗa shi da BIRD, manhajar musayar hanyoyi tsakanin rutoci, tsarin musayar nan mai suna OSPF ya tashi lafiya lau.

To, ga kuɗin gudun. DPDK ba ya jiran kati ya kira shi, shi ne ke tambayar kati ba dare ba rana. Ƙwayar da ka ba shi tana kan kashi 100 ko fakiti ɗaya bai wuce ba. A ƙasar sanyi wannan lissafin kuɗin kuran ne kawai. A Yamai cikin Afrilu, zafi ya haura 40, fankar injin ba ta hutawa, ga ƙura tana toshe ta. Ƙanena ya leƙo wata rana ya ce, "Yaya, me injin nan yake saukewa ne tun jiya?" Na ce masa ba komai, jiran fakiti yake.

Zafin har cikin sakamako yake shiga. Furosesa in ta yi zafi tana rage gudunta da kanta, shi ya sa gwajin azahar da na bayan isha'i ba sa zuwa ɗaya. Yanzu duk lambar da zan rubuta, sai na rubuta zafin furosesar a gefenta. In an ɗauke kuran kuma, batirin ajiya ba ya jimawa da injin da ba ya barci, sannan duk abin da aka buga da hannu a vppctl ya tafi. Dole a zuba umarnin a fayil, a nuna shi cikin startup.conf, fayil ɗin saitin VPP, ya dawo da kansa in injin ya tashi.

Intanet ɗin gida bai kai ko kusa da abin da zai wahalar da Linux ba, don haka na bar wa Linux wannan aikin a kan ƙaramin akwati marar fanka. VPP sai dare nake kunna shi, in gama gwaji in kashe.