Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Allo Ba Ya Karantar Da Kansa

Masu bin wannan tarihi sun san maganar marigayi Kawu, cewa allo ba ya karantar da kansa. Ita ta hana ni wuce shekarun Chicago da sauri, don haka labarin gida ya ɗan jira.

A 2016 hukumar makarantun gwamnati ta birnin Chicago a Amurka ta wajabta darasin kwamfuta ga duk mai son kammala sakandare. A shekarar ce Obama, shugaban Amurka na lokacin, ya nemi dala biliyan 4 don wannan fanni, majalisa ba ta bayar ba. Doka ta zo, malamai ba su isa ba, balle a kudanci da yammacin birnin inda baƙaƙen fata suka fi yawa. Na'urori kam ana kawowa, tunda mai bayarwa yana son hotonsa ranar rabo. Har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ba a jiran sabon malami daga jami'a. Wanda ke cikin makarantar ake ɗauka, mai koyar da lissafi ko kasuwanci, a sa shi horon manhajar koyar da kwamfuta mai suna Exploring Computer Science: kwana 5 a dogon hutu, zama 4 cikin shekarar karatu, sannan wasu kwana 5 bayan ya koyar shekara guda. Kada a tsallake zagayen ƙarshen nan, a nan malami ke zuwa da tambayoyin da aji ya jefa masa. A jihohi da dama sai ya ci jarrabawar tantance malamai ta Praxis kafin a ba shi izinin koyarwa.

Inda abin ke lalacewa jadawali ne. Malamin lissafi ya ajiye aiki a watan Satumba, shugaban makaranta ya maida wanda aka horar ajin aljabara, don lissafi ake aunawa a jarrabawar jiha. Ɗakin kwamfuta ya koma allon Kawu. Shi ya sa gara a horar da biyu a kowace makaranta, kuma shugaba ya sa hannu kan yawan darussan kafin a tura kowa. Wanda ya ƙware kuma, kamfani na iya janye shi da albashin da makaranta ba za ta iya biya ba.

Jami'o'in baƙaƙen fata irin su Howard da Spelman suna yaye masu digirin kwamfuta, amma shawo kansu su riƙe alli wani aiki ne daban. Can za mu dosa mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.