Yaron da uwa ita kaɗai ke ɗauke da shi, aljihu ne ke fara kayar da shi

Duk lokacin da aka ɗauko zancen yaran da suka tashi a hannun uwa ko uba shi kaɗai, sai kowa ya garzaya kan tarbiyya, wai babu tsawar uba a gidan. Ni abin da ya fi ci min rai shi ne kuɗi, kuma ba albashin wata nake nufi ba, ajiya nake nufi, abin da za a jingina da shi ranar da rana ta ɓaci.

Mai gida ba ya rage kuɗin haya don miji ya mutu ko aure ya mutu, kuɗin wuta da na makaranta suna nan yadda suke, hannun da ke nema ne kawai ya koma ɗaya. Yaro ya kwana da zazzaɓi, uwar ta zauna jinya, aikin ranar ya tafi kenan, in abin ya yi tsawo a sallame ta, ɗan abin da ta tara shi za a fasa, in ya ƙare a shiga bashi, daga nan sai sayar da abin hannu. Gidan da mutum biyu ke nema ɗaya zai tsaya asibiti ɗaya ya fita aiki, ajiyarsu na nan tana ƙaruwa.

A 2019 cibiyar bincike ta Pew ta duba ƙasashe 130, ta ce kashi 7 cikin 100 na yaran duniya ne ke zaune da uwa ko uba shi kaɗai ba wani babba a gidan, a Amurka kuwa kashi 23 ne. Hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da kashi 80 na irin waɗannan gidaje uwa ce ke riƙe da su, ga shi dama mata ba su kai maza samu ba.

Inda giɓin ke fitowa fili shi ne in yaran sun kawo ƙarfi. Yara biyu aji ɗaya, ƙoƙari ɗaya, wannan an biya masa jami'a, da ya gama aka ba shi jari, in ya faɗi akwai mai ɗaga shi. Wancan tun yana ɗan shekara 15 yake buga-buga yana taimakon gida, albashinsa na farko kan ƙannensa zai ƙare, wallahi ba lalaci ba ne, bai samu abin farawa ba ne kawai.

Maraya dai ƙaddara ce. Amma uban da ke raye yana yawonsa, ya yi sabon aure ya manta yana da 'ya'ya fa? Ko a Amurka da kotu ke yanka kuɗin kula da yara, ƙasa da rabin iyayen da ke riƙon ne ke karɓar kuɗin cif-cif. Irin wannan uban ya kamata a fara tsarewa da tambaya kafin a buɗe baki kan uwar.