Inda na kwana a harkar tara kuɗin takarda na zamanin Turawa

'Yan uwa masu wannan harka barkanmu da war haka. Takardar sule ashirin ɗin nan da na daɗe ina cigiya ta shigo hannu, wato fam ɗaya ta West African Currency Board, hukumar kuɗin ƙasashen Afirka ta Yamma da Ingila ta mulka, mai bishiyar kwakwa a gaba da rubutu da haruffan Larabci a baya. Ta sha ninki, gefe ɗaya ma ya ɗan ci, amma ba wanda ya taɓa ta da sunan gyara, shi ya sa na biya ba ja-in-ja.

Sababbin shiga suna yawan tambayata me ya sa kwabo da anini masu huda suke ko ina, ka leƙa wajen masu kayan tarihi a kasuwar Kurmi ka gan su a kwano, amma takarda sai an sha wuya. To ai an kafa hukumar ne a 1912, takardun suka fara fita a 1916, kamfanin Waterlow na Landan ke bugawa, kuma kuɗi ɗaya ake kashewa daga Najeriya har Gold Coast (Ghana ta yanzu) da Saliyo da Gambiya, amma kakanninmu ba su yarda da takarda ba sam, manomi ya kai gyaɗa a ba shi takarda ya gwammace ya canza ta da sulalla ko da ragi ne, don sulalla ake binnewa a tukunya, takarda kuwa gara ko gobara su gama da ita. Wadda ta tsira kuma aka maida ta banki bayan Babban Bankin Najeriya (CBN) ya fitar da nasa kuɗin a 1959.

Don haka don Allah in ka samu, kar ka wanke, kar ka sa mata dutsen guga, kar ka manna salatif. An nuna min wata sule goma da aka goge, wallahi sai da raina ya ɓaci, ta yi sumul amma kaurin takardar ya mutu, in ka haska fitilar waya ta gefe layin ninkin na nan yana ƙyalli. Darajarta ta faɗi kenan.

Ajiya kuma, ledar hoto ta kasuwa ba ta yi, da zafi take mannewa ta ɓata tawada. Na koma fallen roba marar sinadarin PVC, ina jefa ƙullin silika na kwalin takalmi cikin akwatin saboda laimar damina. Kowace takarda ina rubuta lambarta da kwanan watan da ke jiki a littafi daban.

Yanzu na juya ɓangaren Faransa, takardun Banque de l'Afrique Occidentale, bankin da ke fitar da kuɗin ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mulka, musamman na kafin a kawo sefa a 1945. Mutanen Maraɗi da Damagaram, wanda ya ci karo da ita a akwatin tsofaffi ya turo min hoton gaba da baya tukuna kafin mu shiga maganar farashi.