Yadda aka yi muka rabu da littafin rasit a shagonmu

Shagon da nake riƙe wa maigida yana wajen Bab Sharif a Jidda, abaya da jallabiya da turare muke sayarwa. Da hukumar zakka da haraji da kwastam ta Saudiyya, wato ZATCA, ta ce daga 4 ga Disamba 2021 ba sauran rasit na hannu, kowane rasit sai ya fito daga na'ura, da lambar QR a jiki da harajin sayayya (VAT) na kashi 15 a fili, sai maigida ya sayo manhaja ya ce in koya wa kowa.

Ba wanda ya yi min musu fa, kowa to yake cewa, amma kana juya baya littafin nan mai kabon ya fito daga ƙarƙashin kanta. Yau a ce netwok ne, gobe firinta ta cinye takarda.

Wanda ya fi dagewa wani dattijo ne da muke ce wa Kawu, alhazan Kano da Damagaram in sun sauka shi suke nema. Muna shan shayi bayan la'asar na ɗan bugi cikinsa, ya ce "Ɗana, ciniki ai baki ne. Hajiya ta taya in ce albarka, ta ƙara in sallama, in ɗora mata ƙaramar kwalbar turare gyara. Wannan abin naka kuɗi ɗaya ya sani." Kuma gaskiyarsa ne, waɗanda suka saka mana manhajar sun kulle farashi, ba ragi ba gyara, ashe mun ƙwace masa abin da ya sa ake nemansa ne muna cewa tsufa ke damunsa.

Na kira masu manhajar suka buɗe ragi zuwa iyakar da maigida ya amince, aka sa wajen shigar da gyara, sunayen kaya kuma aka rubuta yadda muke kiransu a baki. Koyon ma da safe muke yi ni da Kawu kafin samarin shagon su iso, don babba ba zai yarda ya riƙa laluben allo a gaban yara ba.

Samarin kuwa nasu daban ne, sun fi ni iya latsawa, abin da ba sa so shi ne na'urar na nuna wa ya sayar da me, a nawa, ƙarfe nawa. Nan ban lallashi kowa ba, na dai roƙi maigida ya sa musu kamasho a kan ciniki. Ɗaya duk da haka ya ajiye aikin.