Ruwan da na zuba wa batirina da hannuna

Har yau idan na buɗe bonet na kalli batir sai na tuna da yammacin nan a garin Shagari, raina ya ɓaci. Cikin azumin 2023 ne, wanda ya faɗo a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 tun kafin azahar, sitiyari ma sai da tsumma kake kama shi. Na ɗauko Inna za mu je gaisuwar rasuwa Tambuwal. Muka wuce Bodinga lafiya, muka tsaya sallar la'asar a Shagari. Da muka idar na murɗa makulli, sai kat-kat-kat, fitilun gaban direba suka dushe. Shi ke nan.

Batirin nan bai cika shekara ba. Abin da ya fi ci min rai ke nan.

Kamar wata biyu kafin nan na lura motar tana nauyin tashi da safe. Na kwance murafun nan shida na leƙa, na ga ruwan ya ja baya har kawunan farantan ciki sun fito fili. Na je shagon kayan mota na ce a ba ni ruwan batir. Yaron shago ya miƙo min gora, ban tambaye shi komai ba, na dawo gida na cika kowane rami har baki, ina jin na yi abin kirki. Bayan mako uku na sake ƙarawa.

A Shagari wani direban motar haya, Allah ya saka masa da alheri, ya ciro batirinsa muka tayar da tawa. Inna tana zaune kan tabarmar wani mai shago, leɓɓanta sun bushe, ba ta ce min komai ba sai "Allah ya kyauta, ɗan nan." Tambuwal ba mu je ba. Na juyo Sakkwato ban yarda na kashe injin ba ko sau ɗaya, a hanya muka sha ruwa da dabino uku da ke cikin aljihuna.

Washegari na kai wa wani dattijo mai rewaya. Ya shafa gefen batirin, ya nuna min yadda ya kumbura kamar burodi. Ya buɗe murfi ɗaya, ya zuƙo ruwan a ɗan bututun gilashi, ruwan ya fito da duhu-duhu. Ya ɗago ya dube ni.

"Alhaji, mi kaz zuba mai?"

Na ce ruwan batir, Baba. Ya ce wane iri? Nan na tsaya. Ashe abu biyu muke kira da suna ɗaya. Akwai asid, wanda ake zuba wa batir sau ɗaya tun yana sabo, akwai kuma tataccen ruwa da aka samo daga tururi, wanda babu gishiri ko ƙarfe a cikinsa. Abin da zafi ke kwashewa daga batir ruwan ne kawai, asid ɗin yana nan bai je ko'ina ba. Ni kuwa asid na yi ta ƙarawa kan asid, ga zafin Afrilu, ga zafin inji, har ya cinye farantan dalma da ke ciki. Sau biyu na yi, da kuɗina, da hannuna. Tambaya ɗaya da na yi wa yaron nan da ba a kai nan ba. Baba ya ce ko ruwan leda ko na rijiya ma kada in kuskura, ma'adinan da ke ciki suna lalata farantan a hankali.

Bai bar ni na tafi ba sai da ya ɗora mita. Cikakken batir, in mota na kashe, yana nuna wajen bolt 12.6, in inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Tawa ta haura 15. Wato altaneta, na'urar da ke yi wa batir caji, tana dafa batirin da cajin da ya wuce kima, shi ya sa ruwan ke ƙafewa da wuri haka. Da na sa sabo ban gyara wannan ba, da shi ma ya bi sahu. Masana batir suna cewa duk ƙarin digiri kamar 10 a kan 25 yana rage rabin kwanan batir irin wannan. Sai ka auna da garinmu.

Kuɗin kayan sallar yara na taɓa na sayi sabo. Yanzu daga Maris har ruwan sama ya sauka, duk mako biyu nake leƙa ruwan, da safe kafin inji ya yi zafi, kuma iyakarsa ya rufe farantan kaɗan, ba har baki ba. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir ina wanke shi da ruwan ɗumi, in cire wayar da ke da alamar ragi tukuna, in shafa giris. Na ɗaure shi tam don kada gargada ta girgiza shi. A wurin aiki na daina ajiye mota a fili, gara in yi tafiyar minti biyar a ƙasa in samu inuwar dogonyaro.

Gorar asid ɗin na kai wa Baba mai rewaya, don akwai yara a gida. Gaisuwar Tambuwal kuwa sai bayan salla muka je, a motar ƙanina, don Inna ta ce tawa sai ta ga ta yi wata guda ba ta tsaya ba.