Godiya ga waɗanda suka tsamo ni daga rikicin sauya faifan kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, kwamfutar aikina ta tashi tun daren Laraba, bidiyon bikin da na riƙe kuma ya isa hannun masu shi. Waɗanda suka yi ta kira suna jin wayata a kashe, ku yi haƙuri, kunya ce.

Sana'ata haɗa bidiyon biki da suna a nan Agege, amma faifan SSD ɗin (ma'ajiyar bayanan kwamfuta) da Windows take kai gigabait 256 ne kacal, bidiyon 4K kuwa cin wuri gare shi. Sai na sayo SSD biyu masu terabait ɗai-ɗai don in haɗe su su zama faifai guda, abin da ake ce wa RAID 0. SSD ɗaya a kan SATA, wato mahaɗar faifai da kwamfuta, ba ya wuce kusan megabait 550 a daƙiƙa, biyun in an haɗa suna neman ninka haka. Kwaɗayin gudun nan ne ya ja ni. Na kalli bidiyo biyu a YouTube, na ɗauka na zama injiniya.

Daren Lahadi na shiga BIOS, wato saitin kwamfuta na kafin Windows ta tashi, na juya SATA daga AHCI, tsarin da take kai, zuwa RAID. Ina kunnawa sai shuɗin allo, Windows ta ce ba ta ga faifan da za ta tashi a kai ba. Garin neman gyara na taɓa abin da ban sani ba, sai ga BitLocker, makullin faifai na Windows, yana neman mabuɗi mai lamba 48. Wallahi ban ma san faifan a kulle yake ba. Ga bikin 'yar wani Alhaji na Mile 12 a ciki, kamu da ɗaurin aure da dina, katin kyamarar kuma na riga na goge shi. Daren nan barci bai ga idona ba.

Godiyata ta farko ga ƙanena da ke karatu a Kano. Shi ya buɗe mini asusun Microsoft tun ranar da na sayi kwamfutar, ashe mabuɗin yana can a ajiye. Bayan sallar asuba ya karanto mini shi ta waya, rukuni takwas, kowanne lamba shida, layi yana yankewa, ina tambaya "bakwai ka ce ko takwas?", yana cewa "Yaya, ka nutsu mana." Sai a karo na uku ya buɗe. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar jarrabawa.

Sai Ogan da aka haɗa ni da shi a Computer Village ta Ikeja, can cikin titin Otigba. Bayarabe ne haihuwar Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya hana ni faɗar sunansa. Ya ce ba zai kwance ko noti ɗaya ba sai an kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani na waje. Na fara ƙorafin kuɗi, sai ya yagi takarda gida biyu ya ce: "Malam, RAID 0 kamar wasiƙa ce, layi ɗaya a wannan, na gaba a waccan. Mutum biyu na rubutu, shi ya sa take sauri. Amma ɗaya ta faɗa kwata, me za ka karanta a ɗayar?" Nan jikina ya yi sanyi. Ni da na ɗauka faifai biyu ƙarin tsaro ne, ashe mutuwar ɗaya mutuwar duka ce.

Ana tsaka da kwafa aka ɗauke wuta, janaretansa kuma ya ƙi tashi. Maƙwabcinsa mai gyaran waya ya jawo mana wuta daga nasa, aka sake daga farko, ya kuma ƙi karɓar kuɗin mai. Bawan Allah, na gode.

Sauran aikin a idona aka yi shi. Ya kashe BitLocker, ya tayar da Windows sau ɗaya a yanayin gyara don ta ɗauki direban Intel na RAID (manhajar da ke sa ta gane faifan), wanda rashin yin haka ne ya jawo mini shuɗin allon. Sannan ya haɗa faifan biyu, ya kwafe tsohon a kansu, ya faɗaɗa C, ɓangaren da Windows take kai, ta cinye sauran filin. Da na ga terabait 1.81 maimakon 2 har na ɓata fuska, na zaci an cuce ni wurin saye. Ya yi dariya ya ce masu ƙera faifai da dubu suke lissafi, Windows kuma da 1024.

Alhaji, na gode da haƙurin kwana huɗu, ko sau ɗaya ba ka ɗaga mini murya ba. Uwargida, wadda ta jure zirga-zirgata da tsakar dare, Allah ya bar mu tare. Faifan waje yanzu yana cikin durowarki, duk Juma'a bayan masallaci zan karɓa in kwafe aikin mako in dawo miki da shi. Tsohon SSD ɗin kuma Oga ya ce kada in goge shi sai sabon ya yi wata guda lafiya, don haka ƙanena, ka ƙara haƙuri, naka ne in lokacin ya cika.