Inda na kai da gwajin wanke-wanke: inji ko robobina uku

Assalamu alaikum 'yan uwa da muke koyon tattalin ruwan gida tare, barkanmu da zafi, mu nan Garwa ta Kamaru sai hamdala, na san na Marwa da Kusseri ma haka suke gasuwa. Ga inda na kai da aikin wanke-wanke da na ce zan sa wa ido tun ranar da Adda ta kawo maganar injin wanke kwanuka, ta ce ta ji wai ya fi hannu tattalin ruwa, aka yi ta musu wasu na cewa ai daɗin bakin masu talla ne.

Toh gaskiyar Adda ce fa. Injin zamani in an cika shi da kwanukan mutum sha biyu ko sha huɗu, ruwan da yake sha a wanki guda kamar lita 9 zuwa 12 ne, rabin bidon kenan, wato jarkar nan mai lita 20. Akwai ma gwajin da aka yi a jami'ar Bonn ta Jamus, aka tara mutane sama da 100 daga ƙasashen Turai aka ba kowa tulin kwanukan mutum sha biyu ya wanke da hannu, da aka raba lissafi sai aka ga kowane mutum ya kashe kusan lita 100. Bidon biyar! Sai da na yi salati. Amma ki duba yadda ake irin wannan wankin, wasu sakin famfo suke yi ruwan ɗumi na ta zuba su kuma suna cuɗa faranti a ƙarƙashi, famfo kuwa a minti ɗaya yana iya zubar da lita 6 zuwa 10. Wace mace ce a Yelwa ko Rumde Ajiya da take sayen ruwa wajen mai kura za ta yi wannan ɓarnar? Inji ya kada mai sakin famfo ne.

Abin da ya fi ja na shi ne yadda yake aiki a ciki. Ashe ba sabon ruwa yake ta ja ba, ɗan kaɗan yake ɗiba ya tara a ƙasa, ya ɗumama shi zuwa digiri 50 ko 60, sai famfon ciki ya tura shi ta wasu hannaye masu huji da ke juyawa suna fesa wa kwanuka, ruwan ya gangaro ya bi ta rariya ya sake komawa sama, haka zai yi ta zagaye har datti ya saki, sannan ya zubar ya ɗibi na ɗauraya. Mace ce ma ta ƙera wanda ya fara karɓuwa, Josephine Cochrane a Amurka, ta yi rajistarsa a 1886, kun ga wadda ta san ciwon kwanuka kenan.

Ni dai ba zan saya ba, kuma ba tsada kaɗai ba. Wanki guda yana cin wuta kusan kilowat ɗaya na awa, yawancinta wajen ɗumama ruwa take tafiya, hitar da ke ciki tana jan kusan wat 2000, ƙaramar sola irin ta gida ko kusa ba za ta ɗauka ba. Tsarin da ya fi tattali kuma yana kai awa uku ko fiye yana aiki, yana son wutar da ba ta yankewa da ruwan famfo mai ƙarfi, mu kuwa wutarmu yawanci daga madatsar Lagdo take da ke kan Binuwai, wadda aka gama a 1982, in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya kowa ya san yadda ake. Ga sabulunsa na musamman da gishirinsa sai an kawo daga Duwala ko Yawunde, ga mai gyara sai an nemo. Sannan ki leƙa madafinmu ki ga abin da ke ciki: tukunyar dalma in ta shiga inji dusashewa take yi ta yi baƙi saboda ƙarfin sabulun, ƙwarya da akushi da muciya da mara tsagewa za su yi, baƙin tukunyar murhu kuwa sai ya ɓata sauran kayan. Amma a faɗi gaskiya, mai otel ko gidan abinci a Njamena ko Ngaundere da ke tara farantan tangaran da kofunan gilas ɗari-ɗari, inji ya fi masa, kuma zafin ruwansa hannun mutum ba zai jure ba, ta wajen kashe ƙwayar cuta ya fi mu.

Sai na ce bari in saci dabararsa kawai. Shi ba ya aiki sai an cika shi, ni ma na daina wankin kwano ɗaya-ɗaya, safe da yamma ne, tsakani ina kife kayan cikin babban daro in rufe da tire saboda ƙuda. Kuma kafin komai ya taɓa ruwa sai an kwashe ragowar abinci tas. Nan ne dusa ta yi min rana wallahi, ki ɗebi cikin tafin hannu ki zuba a kwanon miyar kuɓewa ko kuka, ki murza da yatsu ki zagaye gefe, za ki ga yauƙin da man sun naɗe cikin dusar sun zama dunƙule, kwanon ya fito kusan bushe, dunƙulen kuma kaji su yi wawaso. In ba haka ba yauƙin nan guda yake kashe kumfar roba gaba ɗaya ki ga kina ƙara sabulu kina ƙara ruwa.

Tukunyar tuwo ita ce uwar aiki. Da na kwashe malmala ta ƙarshe tun tukunyar na da zafi nake zuba moɗa biyu na ruwa, in rufe in mayar kan ragowar garwashi, kafin a gama cin abinci ƙanzon ya kumbura ya ɗago da kansa, bayan mara kawai zan sa in zagaya ya sulluɓo falle-falle, babu kankara da cokali babu soson ƙarfe. Wannan ruwan ba sabulu a cikinsa, na awaki ne, in kuma ƙanzon ya yi kyau yara ba sa bari ya kai ga awakin. Gindin tukunya kuwa dabarar Goggo ce ta tun da, a kwaɓa toka a shafe kafin a ɗora a wuta, baƙin sai ya hau kan tokar. Tokar da aka tankaɗe tana yanke maiƙo sosai domin tana da kaifi irin na kanwa, sai dai tana cin hannu, kar a bar ta ta daɗe a cikin dalma, kuma kar a kai ta kan kaskon nan mai baƙin shafi da ba ya kama abinci.

Robobin uku ne, ta sabulu, ta ɗaurayar farko, ta ɗaurayar ƙarshe. Ruwan ta sabulu daga baƙin bidon nake ɗiba da na bari a rana tun hantsi, a watan Afrilu na Garwa da zafi ke wuce digiri 40 ba ki buƙatar hita. Kofuna ne farko, sai cokula, faranti, kwanukan miya, tukwane a ƙarshe. In na gama, ruwan ta uku shi zai zama na biyu a wanki na gaba, na biyu kuma ya koma na jiƙo. Ta ukun ce ba na wasa da ita, kullum sabon ruwa mai tsabta, duk wadda ta tuna kwalarar 2010 a yankin Marwa ba sai an yi mata bayani ba. Na kuma ajiye tsumman goge kwano, ragar waya na sa aka ɗaura min a kan ƙafafu, in kife a rana su bushe da kansu. Yanzu wankin yamma na gidanmu, da tukwane da komai, bai cika cinye bidon guda ba. Ban kamo inji ba tukuna amma ina jin ƙamshinsa, ba tare da wuta ba.

Kuma ruwan inji magudana yake bi, nawa kuwa yana da sauran aiki. Na ɗauraya gindin zogale da gwanda yake zuwa, ga su nan kore shar duk da rani. Na sabulu ba na kai wa shuka, musamman mu da muke haɗa sabulunmu da soda, gishirin da ke ciki taruwa yake yi a ƙasa har ki ga fari-fari a sama, ƙasar ta yi tauri, shi kam yayyafa tsakar gida nake yi da shi ƙura ta kwanta, ko a kai bayan gida. Kar ya wuce yini a ajiye, wari yake yi, kuma kar a zuba wa salak ko duk ganyen da ake ci ɗanye.

Inda na tsaya yanzu shi ne matatar da nake haɗawa don tace ruwan wanke-wanken. Na huda bokiti a ƙasa na jera tsakuwa, yashin bakin kogi a kai, dakakken gawayi, sai yankin buhu a sama, ruwan yana fitowa garau da farko amma maiƙo na toshe yashin da wuri ya koma ɗiga-ɗiga. Ina tunanin sa wani bokitin kafin shi mai tiyo daga tsakiya, man ya taso sama in kwashe, na ƙasa ya wuce. 'Yan Marwa, yashin Mayo Kaliyawo da kuke ɗiba a rani ya fi namu kaushi ko laushi, kuma yana saurin toshewa? Sannan duk mai irin soso ta taimaka min da shi kafin ruwan Mayu ya sauka, so nake in sa shi ya hau katangar madafi in daina sayen na roba.